Tulun Hajiya Asabe da Hanyar Abuja

Duk wanda ya tsaya a bakin sitona da ke Lanham, nan Amurka, yana kallon ana loda kwantena, abu ɗaya yake faɗa: a zuba kaya, a rufe ƙofa, jirgi ya yi sauran. Ku matasa da kuke zuwa da digirinku kuna son shiga harkar aika kaya gida, ku ma abin da kuke faɗa ke nan. Ba na yi muku musu a tsaye, don mai lodi ba ya da lokacin gardama. Amma yau na zauna, sai ku saurara.

Kayan farko da na taɓa ɗauka a ƙasar nan wani kabad ne mai gilashi, daga hawa na uku a wani gidan haya a Wheaton. Karatu na zo yi daga Zariya, karatun ya fi ƙarfin aljihuna, na koma tuƙa tasi. A nan na haɗu da Baba Isiyaka, dattijo mutumin zangon Kumasi, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana aiki a jirgin ruwa kafin ya sauka a Baltimore ya buɗe sito. Ya ce in zo in kama masa. Ranar na rungumi kabad ɗin nan kamar na ga ɗan'uwa, na nufi matakala. Ya daka mini tsawa.

"Kai ɗan Zariya, ajiye! Ka auna ƙofa?"

"Baba, ai da ido ma ana ganin zai wuce."

"Idonka ne zai biya gilashin?"

Ya ciro tef ɗin awo daga aljihu ya miƙo mini. Kabad ya fi ƙofar faɗi da yatsa biyu. Sai da muka cire ƙyauren. Tun daga ranar ban sake fita aiki ba awo a aljihuna ba, har ɗaurin aure da shi nake zuwa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Barguna masu kauri na naɗe kaya, igiya mai ƙugiya, amalanken hannu, guduma, zarto, ƙusa, tef, da alli na yin alama. Baba ba ya yarda a jefar da ko guntun katako. Abin da ya koya mini shi ne halin teku. Jirgi yana tangaɗi hagu da dama kwana da kwanaki, don haka mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, kuma kada ka bar sarari ko na tafin hannu. Yakan ce kaya kamar ɗan rawa ne, in ka ba shi fili sai ya taka. Kwantena kuma tana gumi daga ciki in ta shiga zafi, saboda haka katifa da littattafai sai an naɗe su da leda. Shekara uku ina ƙarƙashinsa. Da gwiwoyinsa suka gaza, ya bar mini sito, ya ajiye kujera a bakin ƙofa yana shan shayi yana gyara mini kuskure da baki.

Masu kawo mana kaya mutanenmu ne da suka gama abin da ya kawo su: likitoci, nas-nas, injiniyoyi, malaman jami'a, ma'aikatan da wa'adinsu ya cika. Kowa da firji, da injin wanki, da kujeru, wani har da mota. Kuma kusan kowa Legas ya nufa, don nan ne gwamnati take. Kwantena ta sauka, a ɗora ta a kan tirela, a kai ta ƙofar gida, mai kaya ya buɗe da hannunsa. A shekarun nan ko kofin shayi ban taɓa fasa wa mutum ba, kuma ina faɗar haka a duk inda aka zauna.

Sai maganar Abuja ta yi ƙarfi a farkon shekarun tamanin. An daɗe ana cewa za a ɗauke babban birni daga Legas a kai tsakiyar ƙasa, mu a nan muna ɗauka zance ne. A wani kanti a Wheaton inda muke sayen garin rogo da busasshen kifi ake tafka gardamar kowace Asabar. Wani ya ce daji ne, birai za su yi minista. Wani ya ce kafin a gama jikokinmu sun yi furfura. Mace ɗaya ce ba ta dariya, Hajiya Asabe, matar Injiniya Garba, mazauna Germantown. Ita ce mai tuƙa tuwon kowane suna da kowane biki a yankin, na Musulmi da na Kirista, kuma abin da ta faɗa a kicin shi mata ke kai wa mazajensu. Haifaffiyar tsohuwar Abuja ce, garin sarautar nan da aka karɓi sunansa aka ba sabon birni, shi kuma aka koma ce masa Suleja.

Duk lokacin da ta gan ni sai ta taso ni. "Ga su nan, Zazzagawan da suka koro kakanninmu daga Zariya. To mun je mun kafa garinmu a gindin dutse, yau ga ƙasar gaba ɗaya ta naɗe tabarma ta biyo mu."

"Hajiya, ai sunan kawai aka ara."

"Aro? Ka taɓa ganin gwamnati ta mayar da abin aro?"

Kayan Abuja na farko da na ɗaura na Dakta Bulus ne, likitan yara mutumin Filato, wanda aka kira ya je ya kama aiki a sabon birnin. Matarsa Malama Saratu nas ce, mace mai tsabta da tsari. Ta kawo mini farantan aurensu, kowanne naɗe a jarida, ta ce, "Malam Sabi'u, waɗannan daga hannun mahaifiyata suka fito." Na ce ta kwantar da hankalinta. Na jera su a kwali, na rufe, na manna takardar nan mai cewa abin fashewa ne. Na yi lodi irin wanda Baba ya koya mini, ko allura ba ta da wurin juyawa. Shi kansa Baba ya leƙa ya gyaɗa kai.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, da hantsi, waya ta yi ƙara.

"Sabi'u, kana zaune?"

"Ina tsaye, Dakta."

"To nemi wuri."

Firji ya lotse, ƙofarsa ba ta rufuwa. Gilashin kabad ya zama gari. Na tambayi farantan. Ya ce, "Ga Saratu can tana kwashe su da tsintsiya." Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na mayar masa da abin da ake iya mayarwa, amma ba kantin da ke sayar da farantin uwa.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya zaga masallaci, ya zaga coci, kafin Lahadi biyu na samu sabon suna: Fasa-kwano. In na shiga kantin Wheaton sai wani ya ce a ɗauke ƙwai daga kan kanta. Wasa ne, amma masu wasan ba su sake kawo mini ko akwati ɗaya ba. Ga shi lokacin ne ake ta kiran mutane Abuja, aikin da ya kamata ya zama nawa yana wucewa ta gabana. Na koma tuƙa tasi da rana don kada in rufe sito.

Abin da ya fi damuna shi ne ban san inda na yi kuskure ba. Na tambayi Baba. Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Ka ɗaure wa ruwa, ba ka ɗaure wa ƙasa ba. Ni ruwa na sani, shi na koya maka. Daga bakin teku zuwa garin nan naku kwana nawa ne?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kana aika amanar mutane hanyar da ba ka taɓa bi ba? Tashi ka je ka gani."

Na sayar da motar tasi na sayi tikiti. A Legas na fahimci rabin abin tun kafin in bar bakin tashar jiragen ruwa. A lokacin, kayan da za su yi nisa irin haka sau da yawa ba a tafiya da su a cikin kwantena. Buɗe ta ake yi, a kwashe kayan, a mayar da su cikin babbar motar katako. Duk ginin da na yi a Lanham, rushe shi ake yi cikin sa'a guda. Na tsaya ina kallon 'yan dako suna cilla kwali daga hannu zuwa hannu suna waƙa. Ban ga laifinsu ba. Rana na dukansu, wasu motocin na jira, kuma kowane kwali da ya fito daga Turai da Amurka da takardar nan ta abin fashewa a jikinsa, har na takalma. Takardar da ke jikin kowa ba ta hana a jefa kowa.

Na roƙi wani direba, Malam Audu, mutumin Mokwa, ya ɗauke ni. Teburan wata ma'aikata yake kai wa Abuja. Muka bi ta Ibadan, Ilori, muka haye gadar Jebba, muka nufi Bida. Jirgi tangaɗi yake yi, mota kuwa tsalle take yi, kuma abin da ya jure tangaɗi ba lallai ya jure tsalle ba. Kowane rami ina jin teburan nan suna gaisawa a baya.

Bayan Bida, a wata 'yar kasuwar bakin hanya, wata tsohuwa ta tsayar da mu. Tukwane gare ta guda shida, tana son a rage mata hanya zuwa Suleja. Yaran motar Malam Audu su biyu, waɗanda na gani da idona suna wurgi da kwalin mutane a Legas, suka sauko. Kowannensu ya ɗauki tukunya da hannu biyu, ya manna ta a ƙirji, suna ce wa juna a hankali, a hankali. Suka shimfiɗa ciyawa, suka zaunar da kowace a kan gammonta. Ba wanda ya ce musu komai, ba takarda a jikin ko ɗaya.

Na ce, "Malam Audu, me ya sa waɗannan ba a jefa su?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan babana. "Alhaji, kwali ba shi da uwa. Tukunya kuwa, wane ne bai sha mari a kanta ba yana yaro?"

Kuɗin tikitina ya fita a wannan maganar. Muka sauke tsohuwa a Suleja da tukwanenta shida lafiya lau, muka wuce ta gindin Dutsen Zuma, muka shiga sabon birnin: jar ƙasa, katafila ko'ina, tituna masu faɗi da ba kowa a kansu, gine-gine rabi a tsaye. Uku daga cikin teburan ma'aikatar sun karye ƙafa.

Na dawo Lanham da ilimi, amma ba mai ba ni kayan da zan gwada shi. Wata huɗu haka. Ran nan da safe sai ga mota ta tsaya, Injiniya Garba ya fito, Hajiya Asabe ta fito tana rungume da wani abu a cikin zani. An kira Injiniya aikin ruwa a Abuja. Bayan mun gaisa, ta gaida Baba har ƙasa, ta ɗora abin a kan teburina ta kwance.

Tulu ne, ja mai duhu, da zanen ƙadangare da kifi kewaye da cikinsa. Wata Bagwariya maƙwabciyar kakarta ce ta gina shi, uwar Hajiya ta ba ta shi ranar da za ta tare. Da za su zo Amurka, a kan cinyarta ta riƙe shi tun daga Kano har suka sauka. Yanzu kuwa tana da tagwaye 'yan wata bakwai, cinya ta cika.

Injiniya ya yi gyaran murya. "Ni dai na ce mata ga manyan kamfanoni nan masu inshora. Ba don na raina ka ba, Alhaji."

"Inshora za ta gina mini wani?" in ji Hajiya. Ta juyo gare ni. "An ce ka je ka bi hanyar da kanka."

"Na bi, Hajiya."

"To mai zuwa rafi shi ke fasa tulu, wanda ke zaune a gida ba ya fasawa. Na ba ka kayan gidana duka, da wannan. In ya fashe ba zan ce maka Allah ya isa ba. Amma ka san bakina."

Na san shi. In tulun nan ya fashe, ko buhun gishiri ba mai sake ba ni a Maryland. Na ce ta ba ni mako guda.

Na hau babbar hanyar da ta wuce Germantown har na samu wata gonar dawaki, na sayi damin ciyawa biyu. Baturen gonar ya tambaye ni doki nawa gare ni, na ce tulu ɗaya. Na dawo na ƙera akwaku da siraran katako, da tazarar yatsa huɗu a tsakaninsu, kamar kejin kaji, yadda duk wanda ya kalla daga kowane gefe zai ga abin da ke ciki. Na yi masa hannuwa biyu na igiya.

Baba ya taso daga kujerarsa, abin da ya daɗe bai yi ba. "Wannan fa? Ina murfi? Ina bango? Haka na koya maka?"

"Baba, so nake a gan shi."

"Abin fashewa ɓoye shi ake yi."

"A ruwa ke nan. A ƙasa, in ba a gan shi ba jefa shi za a yi."

Ya zagaya akwakun sau biyu, ya girgiza shi, ya ce in ƙara ƙusa a kusurwar hagu. Ya koma ya zauna. A wurin Baba wannan amincewa ce.

Ranar lodi Hajiya ta zo da kanta. Na ɗauko soso irin na Turawa zan shimfiɗa a ƙasa, ta ture hannuna. "Tulu ba ya zama a kan shimfiɗa, gindinsa ba a baje yake ba. Kai ba a yi maka aiken ruwa ba kana yaro?" Ta ciro tsohon zaninta, ta murɗe shi, ta naɗa gammo, ta zaunar da tulun a kai ya zauna daram. Ta cika cikinsa da tsofaffin kayan tagwaye don kada ya zama fanko, ta ce haka masu kai tukwane kasuwa suke yi da ƙaiƙayi. Ni kuma na cusa ciyawa a kewaye har wuya, na bar kafaɗarsa da ƙadangaren nan a fili. Ban manna takarda ko ɗaya ba.

Sauran kayan ma na sauya musu ɗauri. Kowane abu na ɗaure shi kamar shi kaɗai zai yi tafiyar. Ba akwakun da ya fi ƙarfin mutum biyu, kuma kowanne da hannun igiya, don abin da ba shi da wurin kamawa shi ake turowa daga kan mota. Kwalayen faranti na yanka musu 'yar taga na rufe da leda mai haske. Tulun shi na sa a ƙarshe, a bakin ƙofa, tsakanin katifu biyu, na ɗaure shi da jikin kwantena, don ya zama shi za a fara gani in an buɗe. Injiniya yana gefe yana cewa ko shi ba a taɓa yi masa irin wannan gata ba. Hajiya ta ce ai shi ba Bagwariya ce ta gina shi ba.

Wata biyu da rabi ban ji komai ba. Duk ƙarar waya sai in nemi kujera tukuna.

Wasiƙa ce ta zo, da hoto a ciki. Tulun ne a kusurwar wani falo, a kan gammonsa, da faifai a bakinsa. Hajiya ta rubuta cewa komai ya iso, ko cokali bai lanƙwashe ba. Ta ce tulun ma bai hau bayan mota ba. Da 'yan dako suka buɗe kwantena suka gan shi, babbansu ya hana kowa taɓawa, ya ɗauka da kansa ya kai wa direba. Direban ya sa shi a gaba, a kujerar kusa da shi, ya ɗaure da rawaninsa, yaron motar ya koma baya kan katifu tun daga Legas. Ta ce da suka zo wucewa ta Suleja direban bai san ya ratsa da shi ta garinsu ba, da ta sani da ta ce ya tsaya ya gaida mutane. A ƙasan takardar ta ƙara layi ɗaya: ta aika wa matan Wheaton da irin wannan hoton.

Kafin wata ya ƙare sai da na nemi ƙarin ma'aikata. Duk shekarun da ma'aikatu ke tashi daga Legas ɗaya bayan ɗaya, kayan mutanenmu na nan da suka nufi Abuja yawanci ta ƙofar nan suka bi. Har ƙanin Malama Saratu ya kawo mini nasa, da saƙo daga gare ta cewa ta yafe, amma in ya ga na taɓa faranti ya tsaya a kaina. Sunan Fasa-kwano kuwa bai bar ni ba, har yau tsofaffin Wheaton da shi suke kirana, ina amsawa.

Saboda haka in mutum ya kawo muku kaya, kada ku tsaya a tambayar wace tasha za su sauka. Ku tambayi inda za su bayan tashar, da wace mota, a wace hanya, kuma hannun wa zai ɗauka. Yanzu an samu tituna, kwantena na isa har ƙofa, amma har gobe mutum ne ke sauke ta, kuma mutumin nan akwai abin da uwarsa ta mare shi a kai. Ku nemo abin, ku bar shi a fili.

Kusan ƙarshen shekarun tamanin na je gida, na biya ta Abuja na nemi gidansu a Garki. Tagwaye sun yi wayo suna ta guje-guje. Ga firjin da na ɗauro yana ta ƙugi a kicin, amma Hajiya ba ta nufe shi ba. Ta je kusurwar falo, ta ɗaga faifai, ta tsoma moɗa.

"Ku kuka kore mu, ga shi kun biyo mu har gida kuna neman ruwa," in ji ta. "Ungo, Fasa-kwano. Ka riƙe da kyau."

Na karɓa da hannu biyu.